Ba dole sai ranar Sallah ake isa gida ba



Duk shekara idan Sallah ta rage saura mako guda, jama'armu da ke Kudu sukan rabu gida biyu. Akwai masu ɗaure kaya, waɗanda za ka gani a tashoshin Agege da Mile 12 da Alaba Rago, ko Ojoo a Badun, ko bakin gadar Anaca, kowa da jakarsa da buhun tsaraba. Akwai kuma waɗanda ba za su je ko'ina ba, ko don aiki ya riƙe su, ko don kuɗin mota ya fi ƙarfin aljihunsu. Na farko ana yi musu addu'ar sauka lafiya, na biyu kuwa ba a cika yin maganarsu ba. A ganinmu matsalar mutanen nan biyu ɗaya ce. Saurayin da ya hau saman tirela da tsakar dare ranar jajibere ya san wahala ce zai sha. Abin da ya kore shi shi ne tsoron wayewar garin Sallah shi kaɗai a ɗaki, da kunyar abin da za a ce a gida. Idan muna son rage gawarwakin da ake kaiwa Arewa a kowace Sallah, sai an gyara tuƙi, sai kuma an gyara yadda ake yin Sallah a nan inda muke zaune.

Bari mu fara da hanyar kanta. Daga Ikko zuwa Kano tafiyar sama da kilomita 1,000 ce. Mai zuwa Sakkwato ko Kebbi zai bi ta Badun da Oyo da Ogbomosho da Ilori, ya haye gadar Jebba, ya faɗa Mokwa, sannan ya nufi Kontagora da Yawuri. Wasu kan bi ta Akure da Okene da Lakwaja su ɓulla Abuja, daga nan Kaduna da Zariya. Mutanenmu na Fatakwal da Aba da Inugu kuwa, tasu ta Otukpo ce da Makurɗi da Lafiya. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da take cika alkawarin lokaci. Tirela ɗaya ta faɗi a tsakanin Oyo da Ogbomosho, shi ke nan an kwana a wurin. A 2022 ruwa ya shanye titi a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a layi. A ƙarshen Mayu 2025, ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah, ambaliyar Mokwa ta yi ɓarnar da kowa ya sani. Wanda ya bar Ikko ranar jajibere da nufin ya samu Idi a garinsu bai bar wa hanya uzurin ko awa ɗaya ba. Duk lokacin da aka ɓata a cunkoso, a totur direba zai je nemansa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta lissafa mutum sama da 5,000 da suka mutu a titunan Najeriya a 2023, haka kuma a 2024, kuma kowa ya san ba kowane haɗari ne ke shiga littafi ba. Adadi ba ya sa hawaye, amma akwai haɗurra biyu da ya kamata duk mazaunin Kudu ya riƙe a ransa. Ranar 31 ga Mayu 2025, motar da ta ɗauko 'yan wasan Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a Dakatsalle, mutum fiye da 20 suka rasu. Sun ratsa kusan duk tsawon ƙasar nan lafiya, saura 'yar tafiya kaɗan su shiga Kano. Hukumar ta ce mai yiwuwa gajiya ce da gudu, bayan an kwana ana tafiya. Na biyu shi ne na Agaie a Jihar Neja, cikin Satumba 2024, inda tankar mai ta yi karo da tirelar da ta ɗauko shanu da mutane daga Wudil za ta Ikko. Aƙalla mutum 48 suka ƙone. Irin motocin da mutanenmu ke hawa ne, a kan irin hanyoyin da muke bi.

Me ya sa sai a ƙurarren lokaci ake tashi? Amsar tana kasuwa. Mai raguna a Kara ko Akinyele ba zai bar turke ba sai ya sayar da na ƙarshe, kuma ciniki ya fi zafi a kwana biyun ƙarshe. Tela yana kan keke har daren Sallah. Mai kayan gwari, mai wankin hula, ɗan dako, kowa yana so ya ƙara wani abu a kan abin da zai kai gida. Sai duk su fito tasha a rana ɗaya, mota ta yi ƙaranci, kuɗi ya hau. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023 kuɗin mota bai sake komawa inda yake ba, balle a makon Sallah. Shi ma direba makon nan ne kakarsa. Ya sauke fasinja a Kano da hantsi, ya ɗan kishingiɗa a benci, da la'asar ya juyo, ya iso Ikko ya tarar da lodi na jiransa, ɗan kamasho na cewa a yi sauri. Akwai kuɗin da zai kai wa mai mota, akwai nasa hidimar Sallar. Mutumin da za ka damƙa wa ranka ranar jajibere, sau da yawa ya kwana uku ko huɗu bai yi barcin kirki ba.

Barci kuwa ba a yaudararsa. Goro da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari suna jinkirta shi ne kawai, idan ya dawo sai ya zo ba sallama. Masu haɗawa da tramadol sun fi kowa shiga haɗari, domin ido a buɗe yake amma hankali ya yi nisa. A lissafa a gani: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya yi gyangyaɗin daƙiƙa uku, motar ta yi sama da mita 80 babu mai tuƙa ta, kusan tsawon filin ƙwallo. Lokacin da ya fi muni shi ne tsakanin ƙarfe biyun dare zuwa asuba, sai kuma bayan an ci abincin rana an ƙoshi. Jami'an kiyaye haɗurra suna yawan nanata cewa a tsaya a huta bayan kowace awa huɗu ta tuƙi. Mu za mu ƙara da cewa tafiyar Ikko zuwa Arewa ba ta direba ɗaya ba ce a zama ɗaya. Ko dai su zama biyu suna karɓa-karɓa, ko a raba tafiyar a kwana a Ilori ko Lakwaja.

Shi ma gudu, ribarsa ba ta kai yadda ake zato ba. Doka ta ce a babbar hanya mai tagwayen titi ƙaramar mota ta gida kada ta wuce kilomita 100 a awa, bas da tasi 90, tirela da tanka 60. A hanyar da ba tagwaye ba kuwa, 80 ne ga ƙaramar mota da bas, 50 ga manyan motoci. Wanda ya tashi daga 100 ya koma 120, minti goma kacal zai rage a kowace tafiyar kilomita 100. Amma idan ya taka birki, tazarar da motar za ta ci kafin ta tsaya ta ƙaru da kusan rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 na gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4 cikin 100. Minti goman nan kuma, shingen bincike na gaba zai cinye shi.

Akwai wani rukuni da ba a cika faɗa wa gaskiya ba saboda girmansu: masu motar kansu. Alhaji yana da mota mai kyau, shekara guda yana tuƙa ta daga gida zuwa kasuwa cikin cunkoson Ikko, da kyar yake kai wa giya ta huɗu. Ranar Sallah ta matso sai ya cika ta da iyali da kaya har saman rufi, ya ce shi zai kai kansa Katsina. Tuƙin gari daban, tuƙin doguwar hanya daban. Bai saba auna gudun motar da ke tahowa ba idan zai wuce tirela, bai san wace kwana ce ke ɓoye rami ba, bai saba da hasken fitilar manyan motoci da ke kashe ido da dare ba. Motar ma da ta saba da ɗan gajeren zango, ranar ce za ta fara nuna ciwonta. Wanda bai saba ba ya ɗauki ƙwararren direba, babu abin kunya a ciki. Idan kuwa shi zai tuƙa, ya kai wa bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, a duba birki da fitilu da abin share gilashi, domin Sallolin shekarun nan a farkon damina suke faɗowa a Kudu.

Taya ta cancanci magana ta musamman, domin a nan ne ake yawan yin tsimi. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 3521, an yi ta a mako na 35 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare, ko da zanenta bai siɗe ba. Yawancin tayoyin hannu da ake sayarwa da araha sun gama rayuwarsu a wata ƙasa kafin su iso nan. A cikin gari za su iya yin wata da watanni ba abin da ya faru. Amma a ɗora musu lodi, a sa su gudu awa shida a kan kwalta mai zafi, sai ka ji ƙara. Idan ta fashe, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur, kada a danna birki da ƙarfi. Mai faci kuma a gaya masa adadin iskar da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba, kada a bar shi ya auna da bugun ƙarfe.

Fasinja ma yana da nasa kason. Wani shi ne mai cewa direba ya taka don a samu Idi. Wani yana ganin direba na amsa waya yana wuce tirela a kan kwana, amma ya yi shiru don kada a ce matsoraci ne. Mutum ɗaya idan ya yi magana za a iya yi masa dariya, mutum huɗu idan suka haɗa baki direba zai sassauta. Wanda ya zauna a gaba kada ya yi barci ya bar direba shi kaɗai da dare. A ɗaura bel, har da na baya idan akwai, domin yana rage yiwuwar mutuwa da kusan rabi. Yara kuma a baya suke zama. Uwa ta rungume jariri a kujerar gaba tana ganin ta kare shi, alhali idan aka yi karo babu hannun da zai iya riƙe shi.

Mun san abin da za a ce: kwana idan ya ƙare, ko a kan gado mutum yake sai ya tafi. Gaskiya ne, babu mai musu. Sai dai mai faɗin haka shi ne wanda ya sa wa shagonsa kwaɗo biyu kafin ya fito, ya kuma ɗinke kuɗinsa a cikin wando. Bai bar dukiyarsa ga ƙaddara ba sai da ya yi iya yinsa. Ransa da na 'ya'yan mutane goma sha takwas da ke bayansa sun fi shago daraja.

Batun hawa saman tirela ya fi ciwo, domin talauci ne ke kai mutane. Ba wanda yake da kuɗin kujera zai zaɓi ya zauna a kan buhuna cikin ruwa da iska na kwana biyu. Amma motar kaya idan ta karkata babu abin da zai riƙe mutum, kayan da ya zauna a kai su ne za su danne shi. Ga kuma rashin sunansa a ko'ina. Motar tasha aƙalla ana rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen Maris 2025 ba, suna cikin babbar mota daga Fatakwal za su gida yin Ƙaramar Sallah. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, ba a kan matafiyan ba. Amma abin ya tuna mana cewa hanyar Kudu zuwa Arewa tana da haɗarin da ya wuce na taya da birki, kuma matafiyin da babu wanda ya san motar da ya shiga ya fi kowa rauni.

A nan muna da magana da iyayenmu da 'yan uwanmu na gida, domin mun san suna karanta mu. Idan ɗanku ya bugo waya ya ce bana ba zai samu zuwa ba, kada a amsa masa da cewa ɗan gidan wane ya iso tun jiya. Kada a ce Kurmi ta cinye shi. Kalma ɗaya irin wannan ta isa ta sa yaro ya ci bashi ya hau duk abin da ya samu. Ana cewa zumunci a ƙafa yake, haka ne, amma ba a ce sai ranar goma ga wata ba. Wanda ya zo bayan Sallah da mako guda zai samu mota da sauƙi, direba ya huta, hanya ta yi sarari. Zai kuma samu mahaifiyarsa a natse, su zauna su yi hira, maimakon ranar Sallah da gida ke cike, kowa na kai da kawo, gaisuwa ma a tsaitsaye. Sallar Idi tana yiwuwa a Obalende kamar yadda take yiwuwa a Kofar Mata, layya kuma malamai sun sha faɗa cewa ta mai hali ce.

To amma idan za mu ce wa mutum ya zauna, dole mu dubi abin da zai zauna a ciki. Safiyar Sallah ba ta da matsala. An yi wanka, an sa sabon kaya ko wankakke, an je Idi, an gaisa. Wahalar tana farawa ne daga ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da masu iyali suka shige gidajensu, kasuwa a rufe, mai abincin da aka saba saye a wurinta ba ta fito ba, abokan ɗaki sun tafi. Mutum ya zauna a kan tabarma da waya a hannu, yana kallon hotunan ƙannensa da sababbin kaya da bidiyon hawan Sarki. Namiji ne, ba zai ce kewa na damunsa ba. Idan ka tambaye shi sai ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi.

Wanda ya fi kowa sanin wannan shi ne mai gadi. Shi sau biyu yake yin biki shi kaɗai a shekara. A ƙarshen Disamba masu gida su tafi ƙauyukansu Kirsimeti da sabuwar shekara, unguwa ta yi tsit, a bar masa makulli da kare. Ranar Sallah kuma masu gida suna nan, hutu ne, baƙi na shiga da fita, ƙofa na bukatar mai buɗewa. Akwai amaryar da aka kawo daga Arewa wata uku da suka wuce, ba ta jin Yarbanci, ba ta san kowa ba sai mijinta. Akwai ɗalibai, da masu yi wa ƙasa hidima da aka tura wani ƙauye a Ebonyi ko Bayelsa, da sojoji da 'yan sanda da ke bakin aiki, da wanda ke kwance a asibiti, da wanda ke tsare a gidan yari ba mai zuwa dubiya. Akwai 'yan uwanmu 'yan Arewa Kiristoci da ke shiga irin wannan hali a Disamba. Kuma wuri ya bambanta. A ƙasar Yarbawa Sallah babban biki ne, Ileya suke ce mata, unguwa na ƙamshin suya, maƙwabci zai miƙo maka nama. Wanda yake Owerri ko Aba ko Uyo kuwa, yana fita daga unguwar Hausawa zai ga gari na harkarsa kamar kowace rana.

Ga wanda ya san bana a nan zai yi Sallah, shawararmu ita ce ya tsara ranar tun kafin ta zo, kada ya bari ta same shi a zaune. Ya nemi mutum uku ko huɗu irinsa su haɗa kuɗi, ko a shiga watanda a samu kaso, a dafa abinci tare ko da shinkafa da miya ce. Aikin hura wuta da yanka albasa da gardamar gishiri yana cinye rabin yini, kuma shi ne Sallar. Kuɗin da zai tura gida ya tura da wuri kafin cunkoson banki. Ya sa lokacin da zai kira iyaye, bayan saukowa daga Idi da kuma bayan la'asar, a yi hira mai kyau, a ba shi kowa ya gaisa, sannan ya ajiye wayar. Kiran gida yana sanyaya rai, amma yini guda ana latsa hotunan bikin da ba ka ciki yana ƙara nauyi ne. Da yamma ya fita. Mazauna Ikko da Ogun ma suna da abin kallo a kusa: a kwana na uku bayan Babbar Sallah ake yin Ojude Oba a Ijebu Ode, da dawakai da ado. Ba hawan daushe ba ne, amma ido zai sha kallo.

Ranar irin wannan ce kuma shaiɗanun abokai ke samun shiga. Wanda bai taɓa shan ƙwaya ba, a yinin kaɗaici ake miƙa masa ta farko. Gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin tun 2018, amma duk mun san bai ɓace daga lunguna ba. Sai cacar ƙwallo ta waya, wadda ke cinye kuɗin da aka ce ba su isa kuɗin mota ba. Idan kuma ƙuncin bai tsaya a ranar Sallah ba, ya kai mako biyu mutum ba barci, ba cin abinci, ba ya son magana, ko ya fara cewa rayuwarsa ba ta da amfani, wannan ciwo ne kuma yana da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Yaba da Aro ta Abekuta da Inugu da Binin da Kalaba. Zuwa can ba ya nufin hauka. A raka shi, kada a tsaya ga ce masa ya yi haƙuri.

Babban aikin dai na jama'a ne. Wani zai ce ai ana rabon nama, babu wanda ke kwana da yunwa ranar Sallah a zango. Haka ne, kuma Allah ya saka wa masu yi. Amma nama a leda, an miƙo ta ƙofa an juya, bai kai kira a zo a ci tare ba. Wanda ba shi da tukunya ma, me zai yi da ɗanyen nama? Muna kira ga Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwanni, tun saura mako biyu kowane masallaci ya san su wa za su yi Sallah a nan ba tare da iyali ba. Ba abu ne mai wuya ba, mai shayin unguwa kaɗai zai iya lissafa maka su. Kowane magidanci mai hali ya ɗauki mutum biyu, su zauna a tabarmarsa, su ci da shi a kwano ɗaya. Mata su aika a ɗauko amaryar nan ta yini a cikinsu. Masu gadin layi ɗaya su tsara karɓa-karɓa, wani dattijo da ake jin maganarsa ya je ya roƙi masu gida awa uku, da yawansu za su bayar idan an tambaya da ladabi. Wanda bai samu fita ba a kai masa abinci bakin ƙofarsa, a kuma zauna a bencinsa na rabin awa. A ware wasu su je asibiti da gidan yari. Idan saurayi ya san ranar Sallah yana da gidan zuwa a Idi Araba ko Sabon Shagamu, zai fi sauƙin haƙura da tirelar dare.

Su ma masu zama ba su tsira daga titi ba. Ranar Sallah hanyoyin gari sukan yi sarari, sai samari su ari mota ko babur, a ɗauki mutum uku ko huɗu ba hular kwano, a yi ta tsere, ga yara ƙanana na tsallaka titi yawon barka da Sallah. Wanda ya ba ɗansa makulli alhali ya san ba shi da lasisi, ya san abin da ya yi.

Ga waɗanda tafiyar ta zama dole, ku tashi da kwana uku ko huɗu a hannu, ku tashi da asuba, ku shiga mota a tasha. Ku dubi idon direba da tayoyin motar kafin ku biya. Idan kuka tarar da tanka ta faɗi, ku yi nisa da ita, ku hana yaranku zuwa ɗiban mai. A Majiya ta Jihar Jigawa, cikin Oktoba 2024, sama da mutum 150 ne suka mutu a haka, sannan aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko cikin Janairu 2025. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, kyauta ake kira. Kafin mota ta tashi, ku tura wa wani naku lambarta da sunan tashar. Sannan ku sami 'yar takarda ku rubuta sunanku da garinku da lambar mutum biyu, ɗaya a nan ɗaya a gida, ku sa a aljihun gaban riga, domin waya takan fashe ko ta kasance a kulle, masu ceto su rasa wanda za su kira.